Bushiyar da Ta Raina Littafin Sakaina

An yi wata Bushiya mai suna Tasalla, wadda take zaune a gindin katangar wata makarantar firamare, ta wajen bola. Abu biyu aka san ta da su. Na farko, ta iya karatu, kuma ba wanda ya koya mata. Na biyu, ba ta taɓa bari a manta da na farkon ba.

Har gobe in ta tuna ranar da ta fara ganin Mati Ƙadangare, sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da hantsi ne. Tana kwance a kan wani guntun jarida da aka ƙunshe ƙosai da shi, hancinta yana gogar takarda, don idon bushiya ba ya gani da nisa. Sai ta ji sallama daga saman katanga. Ta ɗaga kai ta ga wani ƙadangare, kansa ja kamar an tsoma shi a manja, yana gyaɗa mata kai.

Ita kuwa ta sha karanta irin wannan haɗuwa a guntayen labaran soyayya da iska take kawo mata. A can, budurwa takan sunkuyar da kai, ta yi ɗan murmushi, ta amsa da murya mai sanyi. Tasalla ta daɗe tana gwada wannan murmushi a bakin kududdufi. Da ranar ta zo, sai ta dunƙule ta zama ƙwallon ƙaya, ta mirgina ta faɗa cikin toka.

"Malama, ko na zo ba a kan lokaci ba?" in ji Mati.

"Nazari nake yi," in ji Tasalla daga cikin ƙaya. "Haka masu ilimi suke nazari."

Mati ya gyaɗa kai. Sai daga baya ta gane cewa komai aka faɗa masa gyaɗa kai yake yi, ko zaginsa aka yi. Amma a ranar, ta ɗauka ya yarda da ita ne, har ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta.

Ya sauko yana jan wani abu a bayansa. Sakaina ce, fasassun ƙwarya da mata suka zubar, ya huda kowace ya zura musu igiyar rama suka zama kamar littafi. A cikin kowace sakaina ya yi zane da gawayi da jar ƙasa da ruwan ganye. Ya ce shi dai Allah ya ba shi zane da 'yan waƙoƙi, amma bai ba shi rubutu ba. Ya ji labarin duk bolar nan ba mai alƙalami kamarta, shi ya sa ya zo roƙon ta rubuta masa waƙar kowane zane a ƙasansa.

Ya buɗe ta farko. Ɓera ne a bakin kasko, harshe waje, idanu sun yi jajir. Mati ya rera yana gyaɗa kai:

"Ɓera ya zo ya duba,
Miyar yaji ta zuba,
Ya lasa, ya ce na tuba."

Dariya ta taso wa Tasalla, ta yi maza ta haɗiye ta har ta ƙware.

Ya buɗe ta biyu. Kunkuru ne ya ɗaura ɗamara.

"Kunkuru ya tashi gudu,
Ya nufi gabas, ya ga kudu,
Ya yi barci a kan tudu."

"Bawan Allah," in ji Tasalla, "ka san da wa kake magana kuwa? Ni ce fa na karanta jawabin ƙaddamar da kwamitin bincike. Rabinsa dai, don man ƙosai ya cinye sauran. Ni ce zan zauna ina rubuta ɓera ya lasa?"

Mati ya gyaɗa kai.

To, a gaskiya ba ta iya cewa a'a ba. Ta zare ƙaya ɗaya daga jikinta ta yi alƙalami, ta dama baƙin tukunya ta yi tawada, ta rubuta masa waƙoƙin nan kaf da manyan haruffa, tana yi tana tsaki don kada ya ga tana jin daɗi. Da ta gama ta kafa masa sharaɗi: kada ya kuskura ya gaya wa kowa rubutunta ne.

Ya yi godiya ya haye katanga. Ita kuwa ta yini tana rera kunkuru ya tashi gudu a cikin ranta, tana jin haushin kanta.

Kada ku ga laifinta da yawa. Tasalla ta sha wuya kafin ta iya karatu. Ta wani rami da ɓeraye suka yi a bangon aji take leƙen allo, rana tana dukan bayanta, in malami ya goge kafin ta gama gani sai dai ta jira wata shekara. Littattafanta kuwa takardun tsire ne da na ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa samun labarin da yake da farko da ƙarshe ba. Akwai wani shafi da take ɓoye a raminta, inda wani saurayi ya tsaya a ƙofar gida ya buɗe baki zai yi magana, daga nan takarda ta yage. Wanda ya sha irin wannan wuya, in ya ga wani zai samu a sauƙaƙe, sai ya ji kamar an cuce shi.

Ana nan, ana nan, sai ga Gwaggo Yalwa Zabuwa ta zo da 'yan tsakinta a baya, suna ta ciyo-ciyo.

Gwaggo Yalwa ba ta iya magana a hankali ba. In ta ce sirri ne, har 'yan aji shida suna ji. Amma ranar muryarta ta yi ƙasa. Ta ce bara da shuka, mai gona ya fito da irin da ya gauraya da maganin ƙwari, 'ya'yanta suka tsattsaga, kafin la'asar ba ko ɗaya. Kaji suna ta yi mata gori, wai dama zabuwa ba ta iya reno ba, shi ya sa ake kai ƙwanta ƙarƙashin kaza. Bana ta ƙyanƙyashe da kanta, kuma ta ji an ce masu gona sukan yi rubutu a jikin buhun da aka sa wa magani saboda yaransu. Kowa da irin abin da yake rubutawa, ba a san wanda za a tarar ba.

"Malama, ni kaina ya riga ya bushe," in ji ta. "Ga su nan. Ki koya musu karatu kafin ruwan shuka ya sauka. Ba kullum ina bayansu ba."

Tasalla ta miƙe ƙayoyinta suka tashi kamar rawani. Ta ce wannan ƙaramin aiki ne. Kafin hadari ya haɗu, 'ya'yan nan za su karanta jarida daga sama har ƙasa.

"Ni ba jarida nake so ba, 'yar nan. Buhu nake so."

"Wanda ya iya hawan rimi, Gwaggo, ai ba a koya masa hawan turmi."

Washegari aka buɗe makaranta a inuwar katanga. Tasalla ta shimfiɗa jaridarta mafi daraja, ta nuna kalma ta farko da ƙaya, ta ce kowa ya ce ƙaddamarwa.

'Yan tsaki suka ce ƙadda, suka tsaya.

Ta ce a sake. Suka sake. Wani mai suna Cindo, wanda yake da ɗan yatsa na ƙari a ƙafar hagu da tambaya ta ƙari a kan komai, ya ce, "Malama, mece ce ƙaddamarwa? Ana cin ta?"

Tasalla ta ce abu ne da manya suke yi a ƙarƙashin rumfa, in ya girma zai gane.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Aka bar ƙaddamarwa aka koma tattalin arziki, aka bar shi aka koma gyare-gyaren tsarin mulki. 'Yan tsaki suka koyi barci a tsaye da ido ɗaya a buɗe. Wasu suka tsattsage kusurwar jaridar don ƙanshin ƙosai. In ta nuna harafi ta ce wane ne wannan, sai su dube ta, su dubi juna, su dubi sama ko shaho zai zo ya cece su.

In sun yi ƙorafi, amsarta ɗaya ce: karatu farkonsa maɗaci, ƙarshensa zuma.

Amma ta lura da wani abu. Da an tashi, yaran da suke jan ƙafa kamar marasa lafiya sai su kwasa da gudu su zagaya bayan katanga. Wata la'asar ta bi su a hankali.

Me za ta gani? Mati ne a kan dutse, littafin sakaina a buɗe a gabansa, 'yan tsaki sun kewaye shi suna ture juna. Yana nuna zane da wutsiya, su kuma suna rerawa. In ya ce "Ɓera ya zo ya," sai ya yi shiru, su ƙarasa da ihu. Cindo har ya hau kan sakainar yana taka kalmar ƙarshe ta kowane layi da ƙafarsa mai yatsa shida, yana cewa, "Kawu Mati, dubi, waɗannan ukun wutsiyarsu iri ɗaya ce."

Abu biyu suka soki Tasalla a lokaci guda. Ɗaya, ba su taɓa yi mata irin wannan dariya ba. Ɗayan kuma, Mati yana da kyau in yana waƙa. Da yake ba ta san yadda za ta yi da na biyun ba, sai ta ɗora duk fushinta a kan na farkon.

"Ashe kai ne kake ɓata mini ɗalibai."

Mati ya yi mata maraba, ya matsa mata wuri a kan dutse. Ya ce yaran ne suke zuwa da kansu, kuma ga shi har sun fara gane wasu kalmomi.

"Gane wa? Bari ka gani." Ta kife sakainar ta ce su karanta. 'Yan tsaki suka rera waƙar ɓera daga farko har ƙarshe, ba su ko kalli ƙasa ba.

"Ka gani? Littafi a kife, su suna karatu. Wannan hadda ce irin ta aku, ba karatu ba."

"Haka ne, Malama, da haddar suke farawa," in ji Mati. "Amma kunne yakan riga ido isa, sai ya tsaya ya jira shi. Ni dai na ga in sun san abin da zai zo, ba sa jin tsoron kallonsa. Kuma da kika ce farkon karatu maɗaci ne, na ce ko laifi ne a ɗan shafa zuma a bakin ƙwaryar?"

"Kai da ba ka san alif ba, kai za ka gaya mini yadda ake karatu? Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko. Ba don rubutun da ke jiki ba, wannan tarkace da me ya fi abin kwashe shara?"

Da ta faɗa ta so ta kamo maganar, amma magana zarar bunu ce.

Mati bai gyaɗa kai ba. Wannan ne karo na farko da ta ga kansa ya tsaya cak. Ya dube ta, kuma ta san yana iya cewa a gaban yaran nan rubutun wa ke jiki, amma bai ce ba. Ya tattara sakainarsa, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya ja igiyarsa ya nufi wajen tsohuwar rijiya.

Tasalla ta kafa doka: daga yau ba waƙa, ba zane, ba zagaya katanga. Ta koma raminta da nasara, ta zauna ta rasa abin da yake mata daɗi. Ta ciro shafin nan na saurayi a ƙofar gida, ta karanta, ta ji bai yi mata komai ba.

Daga ranar 'yan tsaki suka daina zama kusa da ita. Can baya suke tsayawa, nesa da ƙaya da faɗa. Ita kuma ta ce hakan ma ladabi ne.

Ruwan shuka kuwa bai yi shawara da kowa ba. Wata safiya aka tashi ƙasa ta jiƙe sharaf, ƙanshinta ya cika gari, gara ta fito. Kafin rana ta ɗaga, sai ga Gwaggo Yalwa tana haki. Ta ce mai gona ya fito da buhu ya jingina a jikin rumbu ya tafi neman masu taya shi shuka, kuma buhun ya huje ta ƙasa, gyaɗa tana zubowa. Yau ce ranar. A zo a gwada.

Aka ɗunguma zuwa gindin rumbu. Gyaɗa ce ɓararriya, jajaye, manya-manya, sun warwatsu a kan danshin ƙasa. Tasalla ta haɗiyi yawu. Duk duniya in an cire manyan kalmomi, ba abin da take so kamar gyaɗa.

A can ƙasan buhun akwai ƙananan rubutu irin na inji. Ta kira yaran ɗaya bayan ɗaya su karanta. Kowa ya zo ya kalla, ya karkata kai, ya ja da baya ya koma can nesa inda suka saba tsayawa.

Gwaggo Yalwa ta dubi Malama.

"Kunya suke ji," in ji Tasalla. "Ku matsa in nuna muku."

Ta manna hancinta a jikin buhu ta shiga karantawa da murya irin ta rediyo: ingantaccen iri, mai saurin nuna, mai jure ƙarancin ruwa, wanda masana suka tantance. Ta maimaita tantance don daɗinta a baki. Ta ce ga shi nan, masana da kansu sun tantance, ba wani abin tsoro. Gwaggo Yalwa ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba, don na bara ma haka ya yi kyau a ido.

"Gwaggo, ido daban, ilimi daban. Bari ki gani."

Ta ɗauki gyaɗa mafi girma ta jefa a baki. Gwaggo Yalwa ta numfasa, ta juya za ta ce wa yara su zo su ci.

Yaran kuwa ba gyaɗa suke kallo ba. Daga can inda suke tsaye, suna ganin buhun gaba ɗayansa, kuma a tsakiyarsa mai gona ya yi wani rubutu da gawayi, haruffa huɗu, kowane ya fi Tasalla girma. Ita da hancinta yake manne a ƙasa, abin da ta gani kawai shi ne wani baƙin datti a saman kanta.

Cindo ya karkata kai. Ya fara gyaɗa shi a hankali, irin na wani da aka hana ambata.

"Wutsiyar nan na san ta," in ji shi. "Irin ta duba ce. Da zuba, da tuba."

"An hana," in ji wata 'yar uwarsa a hankali.

"Ba waƙa nake yi ba, kallo nake yi. Amma kan ba nasu ba ne."

"Kan gudu ne," in ji ƙaramarsu. "Na kunkuru."

Suka haɗa kan da wutsiyar, bakinsu yana motsi. Kalmar ba ta cikin littafin sakaina, ba wanda ya taɓa rera musu ita. Cindo ne ya fara fitar da ita, sauran suka ɗauka gaba ɗaya.

"Guba! Inna, guba aka rubuta!"

Gwaggo Yalwa ta baza fukafukai ta tare 'ya'yanta. Tasalla ta ja da baya, ta ƙara ja da baya, har ta iso inda yaran suke. Daga nan ta ɗaga kai ta gani. Haruffa huɗu, irin kalmar da ta ce ba ta kai a ɓata mata lokaci ba.

Ta tofar da abin da ke bakinta. Sai dai rabi ya riga ya wuce.

Abin da ya biyo baya, Tasalla ta so a ce ba a rubuta shi ba. Gwaggo Yalwa ta ƙwala ihun da ya tara duk dabbobin unguwa. Ta so ta bubbuga mata baya ta rasa inda za ta sa baki saboda ƙaya. Aka ɗura mata jiƙon tsamiya, aka mirgina ta gaba, aka mirgina ta baya, har cikinta ya dawo da abin da ya karɓa a gaban kaji, da agwagi, da wani tsohon bunsuru da bai taɓa ganin abin dariya kamar wannan ba. Wata kaza ta tambaya ko wannan ne ake kira tantancewa.

Allah ya yi da sauran kwana. Amma ta daɗe a kwance a bakin raminta, ƙayoyinta sun kwanta kamar jiƙaƙƙiyar tsintsiya. Tana kwance tana lissafin kanta: ita ce mai jawabin kwamiti, ita ce mai hawan rimi, ga shi turmi ya kayar da ita. Abin da ya fi ci mata rai ba dariyar kaji ba ce. Da yaran nan sun bi dokarta sosai, da yanzu Gwaggo Yalwa tana zaman makoki karo na biyu, kuma ita Tasalla ce da bakinta ta ce ba wani abin tsoro.

Gwaggo Yalwa takan zo dubiya da 'yar fara a baki. Ba ta yi mata gori ba, sai dai ta ce, "Sannu, Malama. Girman kai rawanin tsiya ne, amma naki ai ya faɗi, sai ki ji iska." Ta kuma gaya mata, da muryar sirrinta da ake ji har bakin kasuwa, cewa ta mayar da yara wajen tsohuwar rijiya. Sai dai sun haddace littafin kaf, suna neman sabo, mai zane kuma ya yi zane ya tara, ba mai rubuta masa.

Tasalla ta ce Allah ya kawo masa mai rubutu. Gwaggo Yalwa ta ce amin, ta dube ta da ido ɗaya irin na zabi.

Wata la'asar, sai ta ji sallama daga saman katanga.

Jikinta bai jira shawararta ba. Ta dunƙule.

Ta ji saukowarsa, ta ji ƙarar sakaina a kan tsakuwa, ta ji ƙananan ƙafafu da yawa sun kewaye ta. Mati ya yi mata sannu da jiki. Ya ce ba zai dame ta ba tunda ya ga tana nazari, yara ne suka matsa sai sun zo sun yi wa Malamarsu karatu.

Cindo ya buɗe sakainar ɓera. Wannan karon bai rera ba. Ya sa yatsansa na shida a ƙarƙashin kowace kalma, yana bi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana tuntuɓe yana tashi. Da ya gama ya ce, "Kawu Mati, wai wa ya yi rubutun nan? Kullum in na tambaya sai ka gyaɗa kai."

Mati ya ce wani mai alheri ne da ba ya son a faɗi sunansa.

A cikin ƙaya, Tasalla ta tuna saurayin nan na takarda, wanda ya buɗe baki a ƙofar gida shekara da shekaru bai ce komai ba. Kullum tana cewa laifin mai ƙosai ne da ya yaga shafin. Yau ta ga ba mai yaga mata nata shafin sai ita.

Ta fara warwarewa. Hanci ya fito, ido ya fito. Murmushin da ta gwada a bakin kududdufi ya ƙi zuwa, sai wani karkatacce ya zo a madadinsa, da toka a gefe.

"Ni ce," in ji ta. "Ni na rubuta. Kuma tun ranar nake rera kunkurun nan a ɓoye, har ya hana ni sakat."

'Yan tsaki suka dubi juna. Ƙaramarsu ta ce ashe Malama ma tana da waƙa a ciki.

Tasalla ta juya wajen Mati. Ta ce maganar kaza da kasko da ta yi, a juye take: ita ce ta sha ruwa albarkacin ƙadangare, ya yafe mata. Ya gyaɗa kai. Ta ce a'a, ita yanzu ta san wannan gyaɗawar, da baki take so. Ya yi dariya ya ce ya yafe tun kafin ya kai rijiya.

Ya turo mata sababbin sakaina. Ta farko wata bushiya ce a gaban buhu, hanci manne, kumatu cike. Ya ce in ba ta so sai ya goge.

"Bar ta. Amma hancin ya yi tsawo da yawa, ka rage masa."

Ta zare ƙaya ɗaya, ta duba bakinta ko ya yi tsini. Ta san duk manyan kalmomin da ke cikin jarida, ta laluba a cikinsu ba ta sami ko ɗaya da za ta yi mata wannan aiki ba. Sai ta ɗauki ƙanana.

"Malam Mati, ga shaidu nan, har da mai yatsa shida. Daga yau duk abin da ka zana, ni zan rubuta a ƙasansa, in sa sunana kusa da naka, kowa ya gani." Ta ƙarasa da 'yar waƙa:

"Ka zana, in rubuta,
In mun gaji, mu huta."

Cindo ya ce wutsiyarsu iri ɗaya ce. Mati kuwa ya yi ta gyaɗa kai, kuma wannan karon Tasalla ba ta yi kuskuren fassara ba.

Darasin wannan labari shi ne, yaro ta ƙofar da ta yi daidai da tsawonsa yake shiga karatu. Zane yakan kira idonsa, waƙa ta riƙe kunnensa, kalmomi masu ƙarshe iri ɗaya su nuna masa cewa haruffa suna da dangi, har wata rana ya haɗu da kalmar da ba a taɓa rera masa ba ya gane ta da kansa. Kada wanda ya sha wuya kafin ya iya ya ce dole sai kowa ya sha irinta, kuma kada mai manyan littattafai ya raina ƙarami. In kuwa kun ga kun manna hanci a kan abin da kuka sani har ba kwa ganin komai, to ku ja da baya ku tsaya inda yara suke tsaye.